Ƙwaya ɗaya bayan sallar isha'i

Assalamu alaikum. Ni tela ce. A Aboabo aka haife ni, nan Kumasi, kuma a nan nake zaune har yau da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Kakana na wajen uba daga ƙasar Kano ya taso da fataucin goro, ya ya da zango a Salaga, daga baya ya gangaro Kumasi bai sake komawa ba. Shekara goma ke nan ina shan maganin ciwon ƙwaƙwalwa, ƙwaya ɗaya kowane dare bayan isha'i. Na daɗe ina ɓoye wannan magana, har ƙwayar ma a gwangwanin maɓallai nake ajiye ta don kada masu kawo ɗinki su gani. Abin da ya sa na buɗe baki yanzu wata yarinya ce mai jego da na gani a gidan suna kwanan baya. Idanunta a bushe suna ƙyalli, tana ta zuba kamar 'ya'yan kanya, mata suna dariya suna cewa murnar haihuwar fari ce. Gabana ya faɗi, domin na san wannan idon. Irinsa ne nawa a 2013.

Ni ma haihuwar fari ce. Ta zo da sauƙi, washegari aka sallame mu. Kwana uku da dawowa gida barci ya ƙaurace wa idona. Kowace mai jego tana rasa barci, amma nawa daban ne, don ko kaɗan ban ji gajiya ba. Ji nake kamar an hura min wuta a jini. Ƙarfe biyun dare zan tashi in wanke kayan jariri, in sake wanke waɗanda aka riga aka wanke, in share tsakar gida, in dawo in yi ta zana ɗinkuna a littafi har asuba. Ranar suna na buɗe akwatunan lefena na rabar da atamfofi ga duk wadda ta shigo. Kafin magariba na fara gaya wa mutane an sanar da ni yaron nan waliyyi ne, kuma akwai masu shirin musanya min shi. Na hana kowa taɓa shi. Na ƙi wankan jego, na ƙi kunun kanwa, don na tabbatar a raina an zuba wani abu. Goggona da ta goya ni, na dubi tsabar idonta na zage ta a gaban mutane. Ta daɗe da yafe min, amma har yau in na tuna sai hawaye ya zo.

Kowa a gidan ya kawo tasa fassarar. Mma, mahaifiyata, ta ce iska ce, don an gan ni na fita da almuru ba ɗankwali, ga jinin biƙi. Goggo ta ce hannun mutane ne, an ga shagona yana ci gaba. Dangin miji suka fara raɗe-raɗin cewa a jininmu yake, ɓoye musu aka yi. Wata maƙwabciyarmu 'yar Asante, mutuniyar kirki, ta ce a kai ni wurin addu'ar coci a kan dutse. Babu wanda ya ambaci asibiti, kuma ba na ganin laifinsu. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan uku ne: na Akra, wanda mu a zango muke ce wa Ankara, tun 1906 yake, na Ankaful kusa da Cape Coast, 1965, sai Pantang, 1975. Duk suna can ƙasa, nesa da mu. A tunanin su Mma, wanda aka kai can an yar da shi ke nan, kuma sunan gidansu ya ɓaci.

Aka sa ni a tasi zuwa wani ƙauye a bayan gari, wurin wani mai cire aljanu. Kwanana 19 a can. Da safe rubutu, da rana hayaƙi, a lulluɓe ni da bargo in yi ta tari, da dare karatu da ƙarfi a kunne. In na yi magana sai a ce aljanin ne, a tambaye shi sunansa. In na ce ni ce, sai bulala. Da na yi yunƙurin gudu in je wurin ɗana, aka sa min mari a ƙafar hagu aka ɗaure a jikin ƙarfe. Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse, yana zuba a rigata, jaririna yana Aboabo ana ɗura masa madarar gwangwani. Wannan ya fi min ƙarfen ciwo. Duk ruɗewar da nake ciki na san ni uwa ce, na kuma san an raba ni da ɗana.

Ina so a fahimce ni. Karatun Alƙur'ani bai taɓa cutar da ni ba. Akwai wani ɗan almajiri a gidan da kan zauna can gefe da asuba yana tilawa a hankali, kuma a lokacin ne kaɗai nake jin ƙirjina ya sauka. Duka da ɗauri ne suka cuce ni. Sai daga baya na san cewa tun 2012 majalisar Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta ce a kula da irinmu cikin mutunci, kuma a 2017 hukumar da dokar ta kafa ta fito fili ta haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa, a gidan malam ne, ko na fasto, ko na boka. Lokacin da nake ɗaure dokar tana nan a rubuce, amma ba ta kai ƙauyen nan ba, ba ta kuma kai kunnen Mma ba.

Yayana ne ya fito da ni. Makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi. Ya zo duba ni ya ga idon sawuna ya yi ruwa, bai ce da kowa komai ba, ya koma mota ya ɗauko abin yanka ƙarfe. Daga nan muka wuce wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin gari. A can ma ban tsira da mutuncina ba. Wani ƙato ya fizge min mayafi a gaban maza don a yi min allura. Likitan bai dube ni ba, da Yaya yake magana, rabi Turanci rabi Twi. Ina jin Twi, da shi nake ciniki a kasuwar Kejetia, amma ciwon cikin rai ba ya fitowa sai da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi da shi. Ya tambaya ko ina jin muryoyi. Na ce zuciyata tana gaya min abubuwa. Yaya ya fassara masa cewa e, tana ji. Kafin mu zauna daidai an gama, aka miƙo mana takarda.

Haloferidol sunan maganin. Kwana biyu da farawa wuyana ya murɗe gefe ɗaya, harshena ya fito, idanuna suka kafe sama. Mma ta fasa kuka tana cewa, "Kun gani ko? Mutanen ba sa son maganin Bature, za su kashe min ɗiya." Duk wanda ya ga yadda na koma a ranar zai ce tana da gaskiya. Babu wanda ya gaya mana cewa sanannen abu ne wannan maganin yana iya sanƙarar da jijiyoyi a kwanakin farko, kuma akwai wata ƙaramar ƙwaya, Artane, da ake haɗa shi da ita don ta sassauta jiki. Da an ɓata minti uku an yi mana wannan bayani, da ba mu yi asarar shekara biyu ba. Yaya ya matsa na ci gaba da sha kusan wata biyu. Na samu barci, tunanina ya dawo, amma tafiya nake kamar an sa min sanda a baya, yawu yana zuba, hannuna yana rawa ba na iya zura zare a allura. Ranar da ƙwayoyin suka ƙare ba wanda ya ce a ƙaro.

Sai wani duhu ya biyo baya, wanda shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai bayan shekaru. Wata biyar ina kwance. Ina kallon ɗana, kyakkyawa, yana min dariya, ba na jin komai a raina. Salla ta zama min kamar ɗaukar dutse. Mata suna shigowa suna cewa in gode wa Allah, ga miji ga ɗa, me na rasa? Kowace irin wannan magana tana ƙara tabbatar min cewa ni butulu ce mai raunin imani. Na kai inda nake ganin gara a ce ba na duniya. Na ji tsoron Allah, na ji tsoron bakin mutane, kuma a lokacin ko a dokar ƙasa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa mai laifi ne da za a iya gurfanarwa a kotu. Sai a 2023 majalisa ta soke wannan. Ranar da na ji labarin a rediyo ina kan keke, na dakata da ɗinki na daɗe ina kallon bango. Na tuna daren da na so in faɗa wa Mma abin da ke raina, na haɗiye.

A hankali duhun ya yaye da kansa. Na koma shago a 2014, kowa ya ce Alhamdu lillahi, mutanen sun tafi. Ni ma haka na ɗauka.

Azumin 2015 ne ya tona mana cewa ciwon yana nan. Duk wanda ke Ghana a shekarar ya san dumsor, wuta ta yini ba ta nan, ta dawo tsakar dare. Ga ɗinkin salla ya taru min har rufi. Sai na koma in sha ruwa, in yi tarawihi, in zauna jiran wuta, in ta zo in ɗinka har sahur, da rana kuma in yi yanka da guga da dutsen gawayi. Da goman ƙarshe ta shigo na ƙara da tahajjud. Dare shida ban runtsa ba, kuma daɗi nake ji, ina ganin Allah ne ya ƙara min ƙarfi don falalar watan. Na karɓi ɗinkin da tela biyar ba za su gama ba. Na yayyanka leshin mutane ba awo. Ana saura kwana uku salla aka same ni a bakin titi ina yi wa masu wucewa wa'azi, ba takalmi.

Wannan karon maigidana ya ce ba inda za a kai ni. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ni a ranar na san wanda na aura. Wani abokinsa ya gaya masa akwai ma'aikatan jinya na ƙwaƙwalwa da ke bi gida-gida, kuma ɗaya daga cikinsu 'yar zango ce, a Asawase ta tashi. Ita ce ta zo.

Ba zan manta shigowarta ba. Ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaida Mma da Goggo, ta tambayi mai jiki, ta zauna a tabarma, ba ta buɗe jakarta ba. Ta ce, "Mma, ke kika haife ta. Gaya min, a ganinki me ke damunta?" Mma ta kwashe labarin iska tun daga almurun nan ta faɗa mata. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi gardama ba. Da Mma ta gama sai ta ce, "Mma, ni ban san gaibu ba, ba kuma zan hana ku addu'a ba, ni ma da ita na fito gida. Abin da na sani shi ne ƙwaƙwalwar da ta kwana shida ba barci tana cikin haɗari, kuma wannan ina da maganinsa. Ku riƙe addu'a, ku bar min barcin. Abu biyu kawai nake roƙo, ba duka, ba ɗauri." Goggo ta kawo zancen wuyan da ya murɗe. Ta tambayi sunan maganin, Yaya ya nemo tsohuwar takardar, ta duba ta ce, "Aikin ƙwayar ne, Goggo. Kuskuren shi ne ba a gaya muku ba." Na ga kafaɗun Mma sun sauka.

Sannan ta juyo wurina ta ce, "Ƙanwata, yaya kike ji a jikinki?" Shekara biyu ana magana a kaina, ana magana da aljanin da aka ce yana jikina, ita ce ta fara tambayar ni kaina. Ta san bambancin "zuciyata ta raya min" da jin murya a kunne. Ta san cewa mafarkin Baba da ya rasu ba alamar ciwo ba ce, kuma yarda da akwai aljanu abu ne da kowa a zango ya tashi da shi, mai lafiya da maras lafiya. Abin da take nema shi ne inda na sauka daga yadda aka san ni: barci, kashe kuɗi, yawan magana, tunanin da ba ya tsayawa.

Ita ta raka mu sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa a Kumasi ke ce wa Gee. Likitar mace ce, Kirista, ba ta jin Hausa, nas ɗin ta yi mana tafinta. Ta bar ni da mayafina, ta nemi maza su jira a waje sai maigidana. Ta bi labarin tun daga jego har duhun nan har azumi, sannan ta ba abin suna: baifola. Nas ta fassara min da abin da na sani. Ta ce in ɗauka keken ɗinki ne da wani lokaci yake kwasa da gudu ko ba a taka ba, ya yi ta cin yadi, wani lokaci kuma ya cije ko an taka ba ya motsi. Keken ɗaya ne, matsalar ɗaya ce. Ta ce abin da ya same ni a jego sananne ne, yakan taso a makonni biyun farko bayan haihuwa, kuma ya fi kama mata masu irin wannan ciwo. Na yi kuka sosai a ranar. Ashe abin yana da suna, ashe akwai wasu matan.

Yadda aka zaɓi maganin ya tsaya min a rai, domin tambayata aka yi kafin a rubuta. Likita ta ce, kina son ƙara haihuwa? Na ce sosai. Ta ce to akwai wani da ake ba masu baifola, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, ba za ta ba ni ba, don yana iya yi wa ɗan tayi illa tun kafin mace ta san tana da ciki. Ta ce kina azumi? Na ce ban taɓa sha ba sai na al'ada. Ta ce akwai litiyom, magani ne mai kyau ƙwarai, amma yana son a riƙa auna jini a kai a kai, a duba ƙoda da maƙoshi, kuma in jiki ya bushe da ƙishirwa yana iya taruwa a jini ya zama guba, haka ma in aka haɗa shi da wasu magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tambaya. Ta tambayi abin da maigidana yake samu a wata, ba don raini ba, don ta san abin da za mu iya ɗorewa a kai. A ƙarshe muka tsaya a kan olanzafin, sau ɗaya da dare. Ta gaya min gaskiya tun ranar: zai sa ni barci, zai sa ni yunwa, zan yi ƙiba, kuma dole a riƙa duba sukarin jinina.

Saura zuciyar Mma. Tana ganin kamar shan ƙwaya kullum rashin tawakkali ne. Maigidana ya kai ta wurin limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin magana. Ya ce mata, "Hajiya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ƙwaƙwalwa halitta ce kamar hanta da ƙoda. In mai ciwon sukari ya yi allura ba ki ce ya bar Allah ba." Ya ce ta yi tofi a ruwa, in haɗiye ƙwayar da shi. Haka muka yi wata da watanni, Mma ce ke miƙo min kofin da hannunta. Nas ta ce ruwan tofi ba ya faɗa da magani, amma duk wani jiƙo ko sassaƙe ko garin da za a ce in sha, a nuna mata tukuna, don wasu suna rikita aikin ƙwayar a jiki.

Azumi shi ne inda aka fi yi min adalci. A 2016 likita ta ce jikina bai gama zama ba, tana ganin in huta. Liman ya karanta min ayar Baƙara da ta yi wa maras lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Na ji nauyin abin, ina cin abinci a ɓoye a ɗaki kamar ɓarauniya, amma na bi, na rama daga baya a hankali. Tun daga 2017 nake azumina cikakke. Kowace shekara in Sha'aban ya kama nakan je mu zauna mu tsara. Ƙwayata ta dare ce, ba ta karya komai. Babban abin tsoro shi ne barci. Don haka nake yin tarawihi, in sha magani, in kwanta, maigida ya tashe ni sahur, in sake kwanciya bayan asuba. Daga 15 ga wata ba na karɓar ɗinkin salla ko nawa za a biya, kuma keke ba ya motsi a gidana bayan ƙarfe tara. Tahajjud a masallaci na haƙura da shi. Wannan yana min ciwo har yanzu. In na ji lasifika a goman ƙarshe, mata suna wucewa ta bayan tagata da dardumarsu, sai in ji kamar an bar ni a baya. Nakan yi raka'a biyu kafin sahur, in roƙi Allah ya karɓa.

Na taɓa yin kuskure, kuma ina faɗa don wata. Bayan kamar shekara biyu na ga na warke sarai, ga ƙiba ta sa kayana duk sun matse ni, mata suna cewa maigida ya iya kiwo. Na daina sha a ɓoye. Kwana goma sha ɗaya na fara farkawa ƙarfe uku da sababbin dabarun kasuwanci a kaina. Maigidana ya ƙirga ƙwayoyin gwangwani ya kira nas. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ƙanwata, me maganin ya yi miki da kika guje shi?" Na gaya mata. Ta kai maganar wurin likita, aka mayar da ni kan maganin, da na daidaita aka rage yawansa kaɗan-kaɗan har aka samu inda yake riƙe ni bai danne ni ba. Ta ce irin wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya, kuma in yana damuna in zo in faɗa, akwai hanya. Muka duba cin abincina. Na rage waakye, wato shinkafa da wake, da tuwon dare, na bar lemon kwalba, na fara tafiya da ƙafa bayan asuba tare da wata maƙwabciya.

Da na samu ciki na biyu a 2019 tsoro ya kama gidan duka, don an gaya mana ciwon yana iya dawowa bayan kowace haihuwa. Wannan karon da shiri muka shiga. Likitar ƙwaƙwalwa da masu awon ciki suka san da juna, ban bar magani ba, aka riƙa duba sukarina. Aka yi zama da Mma da uwar mijina, wadda a da take cewa an ɓoye musu. Ita ce ta ce za ta riƙa kwana da jaririya, in tatsa nono in ajiye, ni in yi barci. Na yi wankan jegona, na sha kununa. Ranar suna aka bar ni a ɗaki, ana shigowa bibbiyu, la'asar na yi Goggo ta tsaya a ƙofa ta ce mai jego ta gaji. Nas ta zo sau uku kafin mu yi arba'in. Na shayar da 'yata da kaina. Ranar da muka yi arba'in lafiya, Mma ta yi sadakar ƙosai da koko a ƙofar masallaci.

Ba komai ne ya yi daidai ba. Kuɗin magani ya sha ba mu wuya. Sau da yawa a ce babu a asibiti, a ba ka takarda ka je kemis, kuma a 2022 da tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 sai da na sayar da ɗan kunnena na zinariya don kada in tsallake wata. Daga Nuwamba 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu, har da baifola da ciwon baƙin ciki mai tsanani, kuma duk wanda na sani da irin ciwona ina matsa masa ya sabunta katinsa. Sannan akwai bakin mutane. An fasa auren ƙanwata ana saura wata biyu, aka aiko cewa an bincika an ji akwai hauka a gidan. Ta yi aure daga baya, tana zaune lafiya, ba ta taɓa goranta min ba, amma ni na san abin da ciwona ya ja mata. Har yau akwai wadda in muka yi saɓani a kan kuɗin ɗinki za ta ce, "Bar ta, ba ta da lafiya." Kalmar mahaukaciya ba ta fita daga jikin mace a zango da sauƙi.

Yarinyar gidan sunan nan, ban iya tafiya na bar ta ba. Na jira har aka fara raba abinci, na ja mahaifiyarta bayan madafa na ce, "Hajiya, don Allah kwana nawa rabonta da barci?" Ta dube ni, ta dubi hagu da dama, ta ce huɗu, kuma jiya ta ce an canza mata jariri. Ta ce sun riga sun yi magana da wani malami, gobe za a kai ta. Na ɗaga zanena kaɗan na nuna mata tabon da ke idon sawuna na hagu. Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa a unguwar ba, tun daga lefe har gwangwanin maɓallai. Na ce a yi mata addu'a a gida, a kira liman ya yi tofi, amma kada a raba ta da ɗanta, kuma a bar ni in kira wata.

Washegari da sassafe muka shiga pragya, keken haya mai ƙafa uku, mu huɗu, ni da ita da mahaifiyarta da mijinta, yaro ne ƙarami, duk ya ruɗe. Nas ɗina tana jiranmu a bakin ƙofa, ta yi furfura yanzu. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta kama hannun yarinyar ta ce, "Ƙanwata, sannu da jego. Zo mu zauna ki ba ni labari." Suka shiga. Ni na zauna a benci da jaririn a cinyata, kwanansa takwas a duniya, yana ta barci.